Halilu Likitan Rogo da Akuyar Dramane

Ga tambaya, mai karatu, riƙe ta har mu gama: wace akuya ce take buɗe firigo, ta kwashe abin da ke ciki, ta mayar da ƙofa ta rufe?

Ranar Talata, 14 ga Maris 1995, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran jikana, Dakta Halilu Abdussamad, a gidanmu na unguwar Zongo, bayan zazzaɓin kwana shida. Shekarunsa talatin da huɗu. Na Allah muke, wurinsa za mu koma.

Halilu, mijina na wasa, ka tuna ranar da ka ce za ka zama dakta? Na shelanta wa layinmu kaf, har Dije mai ƙosai ta kawo maka ciwon bayanta. Sai ka ce kai likitan shuka za ka zama. Na ce, "Rogo yana tari ne?" Ka ce, "Yana yi, amarya, ke ce ba ki da kunne." Ka ɗiga ruwan ganye a gilashi, ka sa ni na leƙa ta madubinka mai ƙara girman abu, na ga ƙananan halittu suna ta kai da kawo kamar 'yan zemijan masu haya da babur. Tun ranar ban sake wuce ganye ban juya bayansa ba. Ina da sauran tambayoyi. Me ya sa cuta take kama kunya ɗaya ta bar ta kusa da ita? Ka ce za ka bayyana mini bayan Salla.

Matan lambun Avotrou sukan zo da tumatir mai yaushi a kwando, ka zauna a tabarma ka duba, ba ka karɓar ko godiya mai tsawo. Ka koya musu wanke wuƙa kafin su taɓa wata shuka. Ranar sadakar uku sun cika mana tsakar gida.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekarar yajin aiki, kafin babban taron ƙasa, makarantu suna rufe, ka kawo kayan bincikenka ka ajiye a firigon da nake sanyaya zoɓo. Ganyen rogo ne na ƙauyuka arba'in, da faya-fayan gilashi masu funfuna a ciki. Wata huɗu ka yi kana tara su. Ka tafi Parakou, ka dawo ka tarar babu ko ɗaya. Aka ce akuyar maƙwabcinmu Dramane, mai fataucin shanu, ita ta shigo. Don kunya Dramane ya yanka ta. Kai kuwa guraben karatun waje suka wuce ka, ka sake bin ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, digirinka ya yi jinkirin shekara guda.

Ba ka ɗaga murya ba. Amma duk sanda ka shigo gaishe ni sai ka ce, "Amarya, ya akuya?" ka yi dariya ka zauna. Shekara biyar ina duban fuskarka ina so in gane ko ka sani. Kullum ina cewa gobe zan yi maka magana ka yafe, har aka fita da kai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane kwanon gari da aka ci daga gonar da ka warkar ya zame maka lada. Raïmatou, 'yata, mahaifiyar Halilu, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya miki marayunsa Labiba da Jibrilu. Tunda shi ya tafi, ke da Dramane nake roƙo ku yafe mini.

Akuya ba ta buɗe firigo. Ni na ga funfuna, na ji wari kusa da zoɓona, na kwashe na zuba a bola.