Kwali na Goma na Malam Shitu

Malam Shitu ya koyar da Turanci shekara tara a wata sakandare a Kano kafin ya gaji da jiran albashi, ya tattaro ya zo Guangzhou ta ƙasar Sin. Aikinsa a nan duba kaya ne. 'Yan kasuwar Kano da Maradi da ba sa iya zuwa kowane zubi sai su sayi takalma a kasuwar Zhanxi Lu ta waya, shi kuma ya je sito ya ga kayan da idonsa kafin a loda su a kwantena. In ya ce kaya sun yi, ba mai sake tambaya. Ba shi da shago, ba shi da jari. Yardar da aka yi da maganarsa ita ce abincinsa da na iyalinsa.

Shekara shida muna hayar ɗaki ɗaya, don haka ni na sha azabar ƙamus ɗinsa, wani tsohon abu da ya sha salatif, kullum yana jakarsa. Kana tsakar cin abinci zai tare ka da kalmomin Turancin da suka fito daga decem, wato goma a Latin.

"Babayo, ka san dicker? Fata goma ke nan a ɗaure wuri ɗaya. Dean fa? Asalinsa shugaban mutum goma. Disambar nan ma wata na goma ne a tsohon lissafin Rumawa."

"Malam, miyarka za ta huce."

Ko a jikinsa. Wadda ya fi so ita ce decimate. Ya ce Turawan yanzu sun ɓata ta, komai aka lalata sai su kira ta, alhali asalinta hukunci ne: in runduna ta yi laifi, Rumawa su fitar da soja ɗaya cikin goma su kashe. Daga nan ya ɗauko tsarin aikinsa. Zai bi layin kwalaye yana ƙirga da baki, in ya kai na goma ya farke shi da 'yar wuƙarsa, ya lanƙwasa takalmi, ya shinshina gam. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa canzawa ba, har taƙama yake yi da hakan.

Ran wata Alhamis da azahar ya kira ni, muryarsa ba yadda na san ta ba. Na tarar da shi a bakin sito a tsugune, riga ta jiƙe sharkaf da gumi. Kayan Hajiya Ramatou ne, takalman yara na Sallah, motar da za ta kai su tashar jiragen ruwa ta Nansha ƙarfe huɗu za ta tashi. Hajiya mutuniyar Maradi ce, ita ta fara ba shi amana, ita ta jawo masa rabin masu ba shi aiki.

Ya ce wata sabuwar ma'aikaciya ce, tun kafin ya fara ƙirga ta jawo masa kwali na goma da na ashirin, tana fara'a tana cewa, "Laoban, naka," wato maigida, ga naka. Manajan masana'antar ya daka mata tsawa kamar zai cinye ta. A nan Malam ya sha jinin jikinsa.

Ya buɗe ƙamus, ya ɗora yatsa a kan layin decimate. "Ƙuri'a Rumawan suke yi, Babayo. Ga shi a rubuce. Ba sojan da ya san a kansa za ta faɗa. Ni kuwa duk Zhanxi Lu an san wanda zan buɗe."

Haushi ya kama ni, na ce, "To ajiye littafin, buɗe na bakwai!"

Wallahi ya fi minti biyar wuƙar na hannunsa. Na san abin da yake tsoro. Da ya farke, ya ɗauko takalmi ya lanƙwasa, ƙasan ya rabu da saman kamar ɓawon ayaba. Na sha uku haka, na ashirin da biyu haka. Manajan ya zo yana ta "meiyou wenti", wai ba matsala. Malam Shitu bai ko kalle shi ba, ya je ya tsaya a gaban motar ya ce ba abin da zai fita.

Hana motar tashi mai sauƙi ne. Abin da ya hana shi sakat, wannan ne zubi na huɗu da ya duba wa Hajiya daga masana'antar nan. Na ce ya gaya mata na yau kawai, na baya ai ya wuce tunda ba ta yi ƙorafi ba. Ya girgiza kai. Ya kira ta, ya buɗe muryar wayar don kunnensa ya soma nauyi, ya zayyana mata komai bai rage ba.



"Malam," in ji ta, "ukun da sunka wuce duka haka sunka zo. Na ɓoye, ban gaya ma kowa ba, saboda yaranka."

"Hajiya, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Mi zan ce maka? Ni na aza da saninka a ciki. Shekara biyu ina roƙon Allah Ya shirye ka."

Ya zauna a kan kwali. Ni na karɓi wayar na yi mata sallama.