Saƙon Ruwa Zuwa Fadamar Gulma

Ɗiyar yayana ta zo hannuna ne lokacin da ta samu gurbin karatun kwamfuta a Birnin Kebbi. Ina zaune a Badariya, ina koyarwa a wata firamare. Mahaifinta da kansa ya kawo ta daga Gulma, da buhun shinkafa da kwandon albasa. Ya ce da ni, "Ga ta nan, ke kika san boko." Ko abinci bai tsaya ci ba, wai ya baro aiki a fadama.

Yarinya ce marar yawan magana. In ta dawo daga makaranta ta gama wanke-wanke, sai ta zauna gindin dogonyaro da wayarta. Na ɗauka hirar 'yan mata ce, har nakan yi mata faɗa.

A daminarta ta biyu a wurina gulbi ya cika ya haye gonar yayana, shinkafa ta nuna saura yanka. Muka je jaje. Muka tarar da shi a zaure, ƙafafunsa duk laka, yana amsa gaisuwa da "Haka Allah ya so." A motar komawa, mun wuce Argungu, sai ɗiyar tasa ta juyo gare ni.

"Gwaggo," ta ce, "an san ruwan ga zai zo. An rubuta, ni ma na gani a waya. Amma da Turanci anka rubuta, kuma a inda Baba ba ya dubawa."

Daga nan ta shiga aiki ita da wasu abokan karatunta, 'ya'yan manoma irinta. Suka buɗe zauren saƙonni a waya, suka ce ba rubutu, murya kawai, don mai karatu da marar karatu su ji daidai. A kowane ƙauye suka nemi matashi mai babbar waya da zai riƙa kunna wa dattawa saƙon a ƙofar masallaci bayan la'asar. Suka kuma roƙi wasu masunta da ke can sama da Argungu su riƙa faɗin inda ruwa ya kai. Ita ce ke duba hasashen yanayi da sanarwar sakin ruwan dam, ta haɗa da maganar masunta, ta faɗa da Hausa.

A ɗakina take ɗaukar muryar, don ya fi nisa da titi. Ranar farko ta yi ta gogewa tana sakewa, tana maƙale murya kamar mai karanta labarai a rediyo. Na ce, "Wa kike yi wa wannan? Yi magana kamar kin kai wa babanki abinci gona." Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta yi yadda na ce.

Yayana bai karɓi abin da wuri ba. Da ta je hutu ta nuna masa, ya kawar da kai ya ce ruwa na Allah ne.

"Na Allah ne, Baba," ta ce. "Labarinai kaɗai muke kawowa."

Duk da haka bai hana ta saka shi a zauren ba. Ta bar masa tsohuwar wayarta, ta nuna masa inda zai danna ya ji.

Da damina ta zagayo, wata safiya wani masunci ya aiko cewa ruwa ya rufe saiwar bishiyar da yake ɗaure jirginsa, ga shi kuma an sanar za a saki dam. Ta ɗauki saƙo cikin natsuwa, ta ce duk mai shinkafa a kwari ya yanke ko da da sauran ɗanye. Tana gamawa ta sa hijabi ta ce mini za ta gida. Na ba ta ƙosai a leda, ta tafi.

Ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta iske mahaifinta ya riga ya kira gayya. Suka yanke ta kwari, ya bar ta tudu don yana ganin ruwa ba zai kai can ba. Ruwan ya zo ya taɓa har gefen tudun, ya ci wani sashe. Wasu maƙwabta da ba su samu hannu ba sun yi asara. Amma a shekarar gidan yayana sun ci shinkafarsu, har da ta iri.

Bayan ta dawo, muna tsince wake a tsakar gida, saƙo ya shigo zauren. Muryar yayana ce, karo na farko. Ya yi sallama, ya gai da malamai, ya gai da masunta, ya tambayi lafiyar iyalin kowa kamar yana jiran a amsa. Can ya ce, "Ita kuma wagga da ke yi muna magana, Allah shi yi mata albarka." Ɗiyar fari ce, bakinsa bai taɓa kama sunanta ba. Ta kara wayar a kunne ta sake saurare, ta tashi ta shige ɗaki. Na bar ta, na ƙarasa waken ni kaɗai.

Yanzu ta gama karatu, tana Argungu ita da abokan nata. Saƙonnin sun wuce maganar ruwa, har da tsutsar albasa da ranar rigakafin yara. Gidan ya yi mini faɗi da ba ta nan.

Zuwana Gulma na baya-bayan nan, na iske yayana a kan tabarma cikin tsaransa, waya a tafin hannunsa, muryarta na fita. Na buɗe baki zan gaishe shi, ya ɗaga mini hannu in dakata. Na tsaya riƙe da jakata har saƙon ya ƙare, sannan ya ce, "To, sannu da hanya."