Kiɗan Mutuwar da Na Rubuta wa Fim

Ko zan manta da komai, ban da ranar da aka nuna fim ɗinmu a Anka.

Lokacin na dawo daga kwaleji, na koyo rubuta kiɗa a takarda: layi biyar, da ɗige-ɗige kamar kashin awaki. Kaina ya kumbura ƙwarai. Wani darakta ɗan Gummi ya ba ni aikina na farko, kiɗan wurin da uwar jarumi take rasuwa. Ya ce in mutane sun yi kuka, duk finafinansa nawa ne.

Na tsara komai: sarewa ta fara, kukuma ta biyo, kalangu ya shigo daga ƙasa. Muka ɗauko wani tsohon makaɗin kalangu daga Bukkuyum. Ba ya karatun ɗige-ɗige, don haka na buga masa nasa kiɗan a kan tebur. Ya dube ni.

"Ɗana, wanga kiɗi yana da mai shi."

"Baba, ni na rubuta shi. Abin da ke takarda za ka buga."

"To, Malam," in ji shi. Ya buga shi tsaf, bai sauya ko ɗigo ba. Ni kuwa, sakarai, har da jinjina masa.

Aka nuna fim ranar kasuwa da hantsi, gidan kallo ya cika da mahauta. Uwa ta cika, jarumi ya faɗi yana kuka, kalangu ya shigo. Sai wani ƙato ya miƙe ya daka ihu: "An ka da sa!" Kafin ka ce me, rabin ɗakin na rawa, gawa na kwance a allo.

Ashe taken Sarkin Pawa ne, wanda ake bugawa in za a yanka bijimi. Gidanmu na bayan mahauta. Tun ina goye kiɗan ya zauna mini a kunne, na girma na ɗauka basirata ce. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Darakta bai sake kirana ba. Inna ma da labari ya kai mata cewa ta yi, "Kai kaɗai a garin ga ba ka san shi ba?"

Har yau in na bi ta rumfar nama, sai wani ya buga mini taken nan a bayan faranti. Tun daga ranar, ba na kai kiɗa takarda sai na tambayi mai ganga ko na wane ne.