Ranar da Aka Ɗibi Jinin Baffa Ba Allura

Da damina muka ɗauko Baffa, ƙanen mahaifina, daga Fakku zuwa wani asibiti a Tambuwal. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya, abinci kuwa sai an yi da gaske. Ni aka bar wa jinya.

Kusan kullum sai an ɗibi jininsa. Jijiyoyinsa sun ɓuya, a soka nan a rasa, a soka can a rasa, har hannuwansa suka cika da tabo. Bai taɓa ƙorafi ba. Runtse ido yake yi har a gama.

Wata safiya wata nas mai sanyin murya ta zo da wani ɗan abu a leda. Ta ce, "Baba, yau ba allura. Ta robar ƙarin ruwan da ke hannunka za mu jawo jinin."

Baffa ya ce, "Ɗiyata, jini na fita ba a huda mutum ba?"

"Ƙofa na nan tuni, Baba. Ba ka jin komi."

Ta tsayar da ruwan, ta goge bakin robar, ta ɗaura abin, ta zura wani siririn bututu a hankali. Da yake babu zafi, ranar Baffa bai rufe ido ba. Ya zuba wa kwalbar da jinin zai shiga ido.

Jinin ya taho tsararo, ja-ja kawai, kamar ruwan da aka wanke nama. Nas ta ce wataƙila ruwan ne ya gauraya da shi. Ta ajiye, ta jira, ta sake ja. Na biyun ma haka.

"Mi kika gani?" in ji Baffa.

"Sai likita ya duba, Baba."

Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta juya tafin hannunsa, ta fita da sauri har ta manta farantinta a kan gado.

Baffa ya bi ta da kallo. Can ya ce mini, "Ban ji fitar shi ba. Shi nika tsoro. Kira mini yayana."

Na kira mahaifina, ya ce ga shi nan bisa babur. Kafin ya iso likita ya ce mu wuce Sakkwato yanzu, mu tafi da masu ba da jini. Ba mu jira mahaifina ba.

Muka hau mota hadari na haɗuwa gabas. Ina riƙe da hannun Baffa, robar na nan manne da filasta, ina yi masa magana yana amsawa da kai. Wajen Dogon Daji ya daina amsawa. Direba ya dube mu ta madubi, ya kashe rediyo, ya rage gudu.