Babin Ƙarshe na Lamba 58

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mma Ramatu ta rasu. Tun ranar Juma'a ta rasu, an kai ta, an yi addu'ar uku, ni sai yau Litinin da safe labarin ya same ni.

Masu tambayar gida, ga amsarku gaba ɗaya, don ba ni da ƙarfin bin kowa. Baban yara lafiya, yana fita shagonsa a Abossey Okai yana dawowa. Tagwaye lafiya, suna wurin yayata a Maamobi. Tsohuwata ƙafar ce dai har yanzu, kumburin ya ƙi sauka. Ni ina tsaye. Nafisa ce ba lafiya. Yau kwananmu goma sha biyu a asibiti, sikilar ce ta sake tashi, kuma likitoci sun ce ranar Alhamis da safe za su yi mata tiyata su cire saifa. Shekararta goma sha ɗaya.

Shi ya sa aka ɓoye mini. Baban yara ya ce kada wanda ya faɗa mini sai an fito da yarinyar. Ban ga laifinsa ba.

Ƙosai ne ya tona asirin.

Maƙwabciyata Fati ta kawo mana koko da ƙosai asibiti. Na buɗe ƙunshin, sai idona ya faɗa kan takardar da aka naɗe ƙosan da ita. Shafin littafi ne, mai ya jiƙa shi, gefensa duk ƙananan hujin allura, a kusurwar sama an rubuta 12 da jan biro. Na san wannan hannun fiye da yadda na san nawa.

Na ce, "Fati, ina kika sayi ƙosan nan?"

Ta ce, "Wurin Anti Adiza mana, bakin lungun su..." 

"Me ya sami Mma?"

"Ke dai ci abinki kafin ya huce."

Na ja ta waje don kada Nafisa ta ji. Na ce, "Matar nan ko tana kwance ba ta iya ɗaga kai, ba za ta bari takardar nan ta bar ɗakinta ba. Me ya same ta?"

Fati ta rufe fuska da mayafi. Hawan jini ne, wai. Ta yi alwalar la'asar, ta zauna a kan tabarma, shi ke nan.

Waɗanda ba su san ta ba, bari in gaya muku.

Mma Ramatu ta yi shekaru tana ɗinkin littattafai a wata maɗaba'a a Kokomlemle. Ba ta haihu ba. Ɗakinta ɗaya ne a gidan haya a Nima, rabinsa gado, rabinsa littattafai. Kuma ba kowane littafi take ajiyewa ba. Iri biyu ne kawai: tsofaffin littattafan yara na bincike, inda ake sace wani abu yara su gano ɓarawon, da waɗanda aka fitar daga shirye-shiryen talabijin na da, masu hotunan 'yan wasan a tsakiya.

Ta taɓa gaya mini dalili. Tana ƙarama, gida ɗaya ne ke da talabijin a lungunsu, ta taga suke leƙe. Ba ta jin Turancin, kuma kullum kafin a kama ɓarawon ake koro su. Ta girma, wata rana ta ga fuskokin nan a bangon wani littafi a ƙasa, wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. Ta ce a tsaye a wurin ta karanta ƙarshensa, motocin haya, trotro, har biyu suka tafi suka bar ta.

Daga nan ta fara tarawa. Duk Asabar tana yawo wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa. Sai ta ɗauka ta shinshina, ta duba ƙashin bayansa. In ka kawo mata sabo fil ba ta so, sai ta ce, "Wannan bai sha hannu ba tukuna."

Tana ba yara aro, kyauta. Amma da sharaɗi, kuma duk wanda ya tashi tsakanin Nima da Maamobi ya san shi.

Tsofaffin littattafan nan gam ɗinsu ya bushe, suna zubewa. Sai ta warware su ta sake ɗinkewa da zare. Jikin littafin daban, babin ƙarshe daban. Ta rubuta lamba ɗaya da jan biro a kan littafin da kan kowane ganye na ƙarshen. Littafin za ka tafi da shi gida. Ƙarshen yana cikin wani babban gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta. Sai ka gama, ka dawo da littafin, ka tsaya gabanta ka faɗi wanda kake zargi da dalilinka. Sannan ta buɗe gwangwanin, ka zauna ka karanta mata da ƙarfi. Kafin ka tashi ka ɗora hannu a kan murfin ka yi alkawari ba za ka faɗa wa kowa ba.

Takan ce, "Ni littafina bai taɓa ɓata ba. Da ƙafarsa yake dawowa."

Ni ban shiga makaranta ba. Ina da shekara talatin da huɗu ban san harafi ɗaya na boko ba. Duk takardar maganin Nafisa wurinta nake kai wa ta karanta mini, wane da safe, wane bayan abinci. Wata rana ta karanta, ta riƙe takardar ba ta ba ni ba.

Ta ce, "Zuwera, ranar da na tafi Kumasi biki, wa zai karanta miki?"

Na ce kaina ya tsufa.

Ta ce, "Kanki da ke riƙe maganin yarinya kala bakwai ba ki taɓa haɗa su ba? Gobe ki zo da hantsi, lokacin yara suna makaranta. Ba wanda zai gan ki."

Ta san kunya ce ke damuna, ba ta taɓa furtawa ba.

Littafina na farko wata bakwai na yi a kansa. Da yatsa nake bi. Da na gama na je na tsaya gabanta kamar yarinya, na ce direban ne ya sace. Ta buɗe gwangwanin. Na karanta, ina gumi, har na isa wurin. Ba direban ba ne. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce, "Kin ɗaure bawan Allah wata bakwai a banza, sai ki nemi gafararsa."

Ita ce kuma ta koya mini rubuta Hausa. Wannan da kuke karantawa, hannuna ne, amma aikinta ne.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Talatar da ta wuce ne. Ta hau trotro biyu ta zo asibiti da ciwon gwiwarta, ta kawo wa Nafisa lamba 58. Nafisa ta ji maganar tiyata tun safe, ta juya fuska bango, ta ƙi ci, ta ƙi magana da kowa. Mma ta zauna a bakin gadon, ta ɗora mata littafin a kan filo.

Ta ce, "Hajiya ƙarama, an sace makullin agogon tashar jirgin ƙasa, an rasa mai ganowa. Na ce musu ina da ma'aikaciya amma tana kwance tana hutawa."

Nafisa ta juyo. Ta jujjuya littafin, ta duba bayansa, ta ga babu ƙarshen. Ta ce, "Mma, in na gama yaya zan zo? Ba za su bar ni in fita ba."

"Sai kin warke ki zo da ƙafarki."

 Sai yarinyar ta faɗi abin da har yanzu bai bar kunnena ba. Ta ce, "To in ban farka ba fa? Shi ke nan ban san wanda ya ɗauka ba?"

Mma ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Gwangwanin nan tunda na saye shi bai taɓa ƙetare ƙofar ɗakina ba. Amma ranar Laraba, jajiberin aikinki, zan ɗauko shi a ka in kawo shi nan. Ke kuma ki ci abinci. Ba na buɗe wa mai jin yunwa."

Tun ranar Nafisa ke ci. Ta karanta littafin sau biyu. Ta sa nas ta ba ta takarda tana rubuta sunayen waɗanda take zargi. Likita ya zo yana yi mata bayanin tiyata, ta ce masa ta yarda, amma sai bayan Laraba.

Yau da na bar Fati a wurinta, na hau mota na tafi Nima da silifas ɗin wanka.

Littattafan suna nan a jere, ƙanen Mma ya ce ba mai taɓa su sai bayan arba'in. Gwangwanin ma yana nan. An zuba sukari a ciki na masu zaman makoki.

'Yar ƙanenta Sakina ce ta share ɗakin ranar Asabar don mata su sami wurin zama. Daga Tamale ta zo, ba ta san komai ba. Na tambaye ta ina takardun da ke cikin gwangwanin.

Ta ce, "Anti, wallahi na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu aya, babu sunan Allah, duk Turanci ne, kuma ba su da bango. Na ɗauka ragowar aikinta ne. Na ce maimakon a ƙone gara mai ƙosai ta amfana."

Me zan ce mata? Ta yi abin da aka koya mata. Don Allah kada wanda ya zage ta a ƙarƙashin wannan rubutu.

Na je wurin Anti Adiza. Ta tsinke zaren duka ta baje takardun, don ta fi jin daɗin naɗi da ɗaiɗai. Ta ce ta ɗiba ta ba mai gyaɗa da wata mai soya doya a Maamobi. Da na gaya mata ko mene ne, ta sauke kaskon daga wuta da ƙosai a ciki, ta zazzage mini kwandon a kan zaninta. Muka durƙusa a bakin lungu muna duba kusurwa, mutane suna tsallake mu.

Babin ƙarshe na 58 ganye shida ne. Na samu biyu, na farko da na ƙarshe. A na farko yaran sun ɓuya a ɗakin ajiyar kaya suna jiran ɓarawon. A na ƙarshe agogon ya ci gaba da aiki, kowa yana murna. Sunan yana cikin huɗun da ke tsakiya.

Na dawo asibiti da la'asar, na wanke fuska a famfo kafin in shiga. Nafisa ta ce, "Mama, jibi ne ko?"

Na ce jibi ne.

Ta ce, "Na canza. Ba mai shayi ba ce, mai yankan tikiti ne. Kada ki gaya wa Mma, ni zan faɗa mata da bakina."

Na ce to. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, ko a kan allura. In za ta yi zafi nakan ce za ta yi zafi.

Ranar Laraba dole ta tambayi Mma. Ban san abin da zan ce ba, ban sani ba ko a gaya mata kafin tiyata ko a bari. Abin da na sani, ba zan iya tsayawa gabanta babu Mma kuma babu takardun ba. Ɗaya ya fi ƙarfina. Ɗayan ne nake roƙonku.

Duk wanda ya sayi ƙosai, gyaɗa ko soyayyar doya tsakanin Nima da Maamobi daga Asabar zuwa yau, ku duba kwandon shara, ku duba jakar makarantar yaranku. Takarda ce da ta yi ruwan ƙasa, da hujin allura a gefe, da 58 da jan biro a sama. Ko mai ya jiƙa ta, ko ta yage, ina so. Hoto ma ya isa, zan kwafe da hannuna.

Masu tara irin waɗannan littattafai, a nan ko a waje, ban san sunan littafin ba. Bangonsa da shafin farko sun lalace tun kafin Mma ta saye shi, ta yi masa bango da takardar siminti. Na talabijin ne, a tsakiya akwai hotuna baƙi da fari na 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, da fitilar hannu a tashar jirgin ƙasa. In kuna da shi, shafuka takwas kawai nake nema.

Ku kuma da kuka girma a kan bencin ƙofarta, wasunku yanzu nas ne, wasu malamai, wasu direbobi, na san akwai wanda ya karanta 58 a cikinku. Na san kun ɗora hannu a kan gwangwanin. Ni ma na ɗora. Amma ita da kanta ta yi niyyar karya dokarta saboda yarinyar nan, ajali ne ya riga ta. Ku rubuto mini a ɓoye, ba a nan ba. Duk abin da kuka tuna, wane ne, yaya aka kama shi, me ya ce. Zan zauna in rubuta, in ɗinke da zare yadda na ga tana yi.

Allah ya jiƙan Mma Ramatu. Allah ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya ba ta ladan kowane harafi da ta sa a bakin yaro da babba. Yadda ta rufa mini asiri ranar da ban san komai ba, Allah ya rufa mata. Ku sa ta a addu'a, ku sa Nafisa, Allah ya sa ta farka.

Waɗanda za su zo dubiya, don Allah kada ku yi mini gaisuwar rasuwa a gaban gadon.

Ku amsa mini kafin azahar ɗin Laraba. Ƙarfe huɗu ake buɗe ƙofar masu dubiya, kuma Nafisa ta riga ta ce in gyara mata kitso, in ajiye wa Mma kujera.