Biskitin Gero da Kunyar Ɗan Fari

A gidan mijina, uwa ba ta maganar ɗanta na fari a gaban surukai. Ba ta kiran sunansa, ba ta rawar jiki idan ya yi kuka a cikin mutane, ba ta tambayar me ya ci. Idan ta matsu sai ta ce "yaron nan", ta kau da kai. Na san wannan tun kafin a kawo ni, kuma na kiyaye shi har ɗana ya kai wata tara.

A lokacin na koma aiki. Kullum da safe nakan shiga keke daga Sabon Gari, inda muke haya, in ajiye shi a Angwan Iya wajen mahaifiyar mijina, wadda kowa ke kira Inna, sannan in wuce ofis. Nakan bar masa kunun gyaɗa a filas, da ɗan faten wake, da biskit shida a roba mai murfi.

Biskitin ni nake yi. Maƙwabciyata, wata malamar firamare 'yar ƙabilar Eggon, ita ta koya mini gashi a tukunya: a zuba wankakken yashi a gindinta, a bar shi a wuta ya ɗau zafi, a ɗora faranti a kai, a rufe. Kwaɓin kuwa nawa ne. Garin gero da na soya sama-sama na tankaɗe sau biyu, nunanniyar ayaba, dafaffen dankalin Hausa, gwaiduwar ƙwai, cokali ɗaya na man gyaɗa. Babu sukari, babu gishiri, babu zuma. Nakan mulmula su tsawon yatsa don ya iya riƙewa. Kafin in rufe roba sai na ɗora ɗaya a harshena. Idan bai narke ba sai an tauna, wannan gashin na manya ne, in sake wani.

Robar kan dawo wayam kowace yamma. Kunun da faten su ke dawowa kusan yadda na kai su. A gida ma da ya ga cokali sai ya damƙe baki, nono kawai yake karɓa. Cikin makonni kaɗan naman wuyan hannunsa ya zube, rigar da ya kamata ta matse shi tana nan tana masa yawa. Na kasa gane yadda yaron da ke cinye biskit shida zai ƙi kunun da kusan kayansu ɗaya. Tambaya guda za ta warware mini, amma tambayar ce ba a yi.

Wata Talata aka tashe mu da wuri, na isa gidan bayan azahar. Inna na kan tabarma a inuwar mangwaro, yaron a cinyarta. A gefenta fakitin biskit ne na shago, mai kirim a tsakiya, da kofin shayi da ya ji madara da sukari. Tana tsomawa tana sa masa a baki, yana ta miƙa wuya. Can bakin rariya kaji na rububin wani abu. Na gane shi da tsawonsa.

Ba ta ɓoye komai ba, domin ba ta ga laifi ba.

"Kin dawo da wuri, 'yar nan? Angona ya ci ya ƙoshi." Haka take kiransa, wasan kaka da jika. Ta nuna rariya da haɓa. "Wancan naki na ɗanɗana. Lami ne, ba ɗanɗano! Ko a asibiti ba a yi wa mutum haka. Kajin ma sai da suka yi shawara kafin su taɓa."

Na durƙusa na gaishe ta, na goya yarona, na fita.

Mijina ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zan ga aiki, shi ya san yadda zai shigar mata da maganar. Laraba ya je ya dawo da labarin rufin ɗakinta da ke yoyo. Alhamis ya ce ya tarar da baƙi.

Ranar Juma'a dangi kan taru a wajenta bayan masallaci. Ina zaune a ƙarshen tabarma, inda surukai mata ke zama, na ga ta zaro sabon fakiti daga ƙarƙashin filo. Ta fara yage ledar.

Na ce, "Inna, kada ki ba shi."

Ta dube ni kamar ba da ita nake ba. "Kada in ba wa?"

Sai na kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, wanda kuma shi ne sunan marigayi mijinta. A gidan nan babu surukar da ta taɓa furta shi. Wata daga cikin yayyen mijina ta dafe ƙirji tana salati.

Ban ɗaga murya ba. Na ce zaƙin nan ne ke cika masa ciki ya kashe masa baki, shi ya sa ya ƙi kunu, ya ƙi wake, ya rame. Na ce a duba hannunsa.

Inna ta ce, "Bakwai na raina. Wancan da kike aure, da me kike tsammani ya girma?"

"Da fura da kunu, Inna. Ke kika gaya mini. Ba da wannan ba."

"Yau kuma ɗan fari ya yi uwa!" in ji yayar, har da tafa hannu.

Na ce, "Dama yana da ita."

Na tashi na ɗauke shi daga cinyar Inna a gaban kowa. Na ce ba zan sake barinsa ba sai fakitin ya bar gidan. Mijina yana ta kallon takalminsa.

Na san abin da na taɓa. Inna ba ta ƙin yaron, ƙaunarsa ce ta sa take aika a sayo masa abin da take ganin ya fi daraja, mai leda da hoto. Har yau idan an zo lissafin marasa kunya a dangin, da ni ake farawa. Ban taɓa neman a cire ni ba.

Na ɗauki hutun mako guda. Kwana uku muka yi muna artabu da yaron. In miƙa kunu ya ture, in ba shi biskitina ya jefar, ya yi ta leƙen bayana yana neman mai kirim. Nono ban hana shi ba, ruwa ma haka, amma zaƙi ko ɗigo. Mijina ya ce ko rabin guda a ba shi ya yi shiru. Na ce idan ya shigo da shi, shi zai cinye abinsa a waje.

A rana ta huɗu da hantsi na juye sabon gashi a tire, na bar shi ya huce. Yaron ya rarrafo, ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya shi. Na yi kamar ina tsintar wake. Ya sa a baki, ya yamutsa fuska, ya ciro ya duba, ya mayar. Da ya gama ya ɗauki na biyu. Bayansa na gwada kunu, ya sha cokali biyar kafin ya kau da kai.

Mijina na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu. "In kira Inna?"

"Kira ta. Ka ce ya ci. Ranar Litinin zan kawo shi da robarsa, idan ta shirya."

"In ce wa ya ce?"

"Ka ce uwarsa."