Bangon Shagon Auta

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai ɗana Auta ya leƙo ɗakina ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ƙofar nan taka tana kuka. Jibi zan duba ta." Na ce wata uku ke nan ina jiran jibin. Ya ce ai gidan kafinta ba ya rasa karyayyar kujera.

Ƙarfe tara ya buɗe shago. Sha ɗaya na biyo ta wajen, na tarar yana rubutu a bango. Haka yake aiki, ba ya riƙe littafi. Awon kowane gado da kowace ƙofa a bangon hagu yake rubutawa da fensir, wani lokaci har da tsokaci: "Mai kantin magani, a ƙara inci biyu, ba zai yarda ya yi ƙiba ba." Shekara tara yana cika bangon nan. Ni lissafi na karanta a jami'a, na daɗe ina jin zafin ajiye karatun da ya yi. A bangon na gane bai ajiye lissafin ba, amma ban taɓa gaya masa ba.

Ƙarfe ɗaya suka ci abinci da Dogo, abokin sana'arsa, wanda ya tashi a gidanmu kamar ɗa. Ƙarfe uku Auta ya ɗora ƙofofi biyu a motar kaya, ya shiga. Huɗu da kwata taya ta fashe a kan gada. Biyar aka kira ni, aka ce ya rasu.

Da gida ya yi shiru na nemi rubutun hannunsa, ban samu ko layi ɗaya ba. Na je shago na gwada ɗaukar bangon da wayata, fensir bai fito ba. Na ce wa Dogo, "Shagon naka ne, injin yankan ma ka riƙe. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a taɓa bangon nan sai na kawo mai hoto, mahaifiyarsa kuma ta gani. Ba ta iya fitowa ba tukuna."

"Haba Baba! Ko shekara goma ne. Ni ma kullum sai na karanta."

Bayan kwana tara muka zo da ita da mai hoto. Tun daga bakin titi muka ji warin fenti. Bangon ya koma shuɗi.

Dogo ya durƙusa har ƙasa. "Baba, masu kawo aiki ne. Su shigo, su ga rubutunsa, su yi gaisuwa su fita, ba mai ba da aiki. Amma awon da ake buƙata na kwafe." Ya miƙo mini shafi uku, lambobi zalla, da hannunsa.

Mahaifiyar Auta ta taɓa bangon, ta dubi yatsunta. Ta ce, "Shafa nawa ka yi?"

"Biyu, Mama."

"Ka iya aiki." Ta koma mota.

Injin na riga na ce na Dogo ne, ban janye ba. Zartuna huɗu, guduma biyu da tef ɗin awo na zuba a buhu, na kai makarantar koyon sana'a. Tufafin Auta 'ya'yan ƙanena suka raba. Babur ɗinsa yayarsa ta ɗauka wa mijinta. Teburin aikinsa mutum huɗu suka ɗauko, yana tsakar gida an rufe shi da tamfol. Mabuɗin shagon na aika wa Dogo ta hannun direbanmu.